Tufka da Warwara: Yadda Terminator Ya Cinye Kansa

Finafinai shida aka yi da sunan Terminator tsakanin 1984 da 2019, kuma wanda ya kalle su a jere zai ga abin ya yi kama da tuwon da aka yi ta ɗumamawa. Na farko sabon tuwo ne da zafinsa. Na biyu ɗumamen safe ne, irin wanda ya sha man shanu da yaji har ya fi na daren daɗi. Daga na uku aka fara tsula wa miyar ruwa, kafin a kai na shida kuwa har 'yan gida sun daina miƙo kwano. Alƙaluma ma sun shaida. Na biyu ya tara sama da dala miliyan 500 a 1991. Na shida, bayan shekara 28, lokacin da kuɗin tikitin silima ya ninka a Amurka, bai wuce miliyan 261 ba, alhali an kashe masa kusan miliyan 185.

Idan ka tambayi masu kallo dalili, abin da za ka ji shi ne Arnold ya tsufa, ko basira ta ƙare wa 'yan Hollywood, ko an cika siddabarun kwamfuta. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni a ganina cutar tana cikin labarin kansa, kuma cuta ce da ke iya kama duk wanda ya taɓa rubuta "mu haɗu a littafi na biyu" a cikinmu. Labarin Terminator ya ƙare tun 1991. Masu haƙƙin mallakarsa ne ba su gama da shi ba. To da yake ba a ɗora bene a kan ɗaki sai an yaye rufinsa, duk fim ɗin da ya biyo baya sai da ya fara da warware abin da na gabansa ya tufka.

Mu fara da na farkon. James Cameron ya yi shi da kuɗin da bai kai dala miliyan 7 ba, ya kuma sayar wa furodusa Gale Anne Hurd haƙƙin labarin a kan dala ɗaya tak, da sharaɗin shi zai ba da umarni. Labarin kuwa a numfashi ɗaya za ka faɗe shi. A shekarar 2029 wata ƙirƙirarriyar basira mai suna Skynet tana gab da shan kashi a yaƙin da take yi da 'yan Adam, sai ta turo mutum-mutumi mai fatar mutane zuwa 1984 ya kashe Sarah Connor kafin ta haifi John, jagoran da zai yi galaba a kanta. Mutane su ma suka turo soja ɗaya, Kyle Reese, ya kare ta. Shi ke nan. Sarah ma'aikaciyar gidan abinci ce da ko riƙe bindiga ba ta iya ba. Makashin ya buɗe littafin lambobin waya, ya tarar da Sarah Connor uku, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin da Arnold Schwarzenegger ya furta a fim ɗin gaba ɗaya ba su kai ɗari ba.

A gidan kallon unguwarmu na fara ganinsa, a kaset, kuma mu a lokacin Kwamando muke kiran Arnold a duk fim ɗin da ya fito. Rabin ɗakin ba ya jin Turanci, amma babu wanda ya nemi a yi masa bayani. Yarinya ce ake bi za a kashe, abin da ke binta ba ya gajiya, ba ya jin rarrashi, harsashi ba ya tsayar da shi. Abin da ya ɗaure mana kai kawai shi ne yau Kwamando ne bos. Rashin kuɗi ya yi wa Cameron rana a nan: ba shi da halin nuna yaƙin 2029 sai a 'yan gajerun wurare, don haka dole ya tsaya a kan mutum uku da titunan Los Anjelas da dare. Kuma ya ɗaure bakin labarin tamau. Reese da aka turo ya kare Sarah shi ne ya zama uban John. Hoton Sarah da yake yawo da shi a can gaba, wanda ya sa ya kamu da sonta tun bai gan ta ba, shi ne wani yaro ya ɗauke ta a gidan mai a Meziko a ƙarshen fim, tana ɗauke da ciki, tana tunanin Reese ɗin da ya riga ya mutu. Zobe ne, farkonsa ya haɗu da ƙarshensa.

To ta ina aka samu ƙofar na biyu? Wannan shi ne wurin da ya fi dacewa marubuci ya tsaya ya duba, domin Terminator 2 hujja ce cewa ci gaban labari ba laifi ba ne. Cameron ya koma cikin na farkon ya nemo abin da ya rage a ƙasa. Sarah ta murƙushe makashin a injin matse ƙarfe a wata masana'anta, amma hannunsa ɗaya da ƙwaƙwalwarsa sun tsira, kuma daga su ne kamfanin Cyberdyne yake ƙera abin da zai zama Skynet. Ya kuma tambayi kansa: macen da ta san ranar da duniya za ta ƙone, 29 ga Agustan 1997, kuma babu mai gaskata ta, yaya za ta zama? Amsar ita ce muka tarar da ita a asibitin masu taɓin hankali, ta murɗe, ta bushe, ɗanta yana hannun masu riƙo yana ganin uwarsa mahaukaciya ce.

Tambayar fim na farko ita ce ko Sarah za ta rayu. Ta na biyu daban ce: ko ana iya hana abin da aka ce dole zai faru, kuma me mutum zai zama a ƙoƙarin hana shi. Shi ya sa wurin da ya fi tsaya mini a rai babu fashewar mota a cikinsa. Sarah ta ɗauki bindiga ta nufi gidan Miles Dyson, injiniyan da aikinsa zai haifi Skynet, don ta kashe shi a kan laifin da bai riga ya aikata ba. Wato ita ce ta zama Terminator ɗin. Ta harbe shi a kafaɗa, ta tsaya a kansa, ƙaramin ɗansa ya kwanta a jikinsa yana kare shi, sai hannunta ya kasa. A ɗaya ɓangaren kuma ga na'urar da a da take kisa, yanzu yaro ɗan shekara goma yana koya mata cewa ba a kashe mutane. Uwar tana rasa tausayi, ƙarfe yana koyonsa. A ƙarshe aka tarwatsa Cyberdyne, aka jefa hannun da ƙwaƙwalwar cikin narkakken ƙarfe, shi ma Terminator ɗin ya ce akwai sauran ƙwaƙwalwa ɗaya, wadda ke cikin kansa, ya sa Sarah ta saukar da shi cikin wutar yaron yana kuka. Dyson ya ba da ransa, John ya rasa abin da ya fi kama da uba a rayuwarsa. An biya farashi mai tsada, an sayi abu da shi: ranar ba za ta zo ba.

Sai 2003, Terminator 3, ba Cameron, ba Linda Hamilton da ta fito a Sarah. Domin a samu fim, dole Skynet ta dawo. Saboda haka aka sa sabon Terminator ya gaya wa John cewa ranar ƙonewar duniya ba a hana ta ba, jinkirta ta kawai aka yi, zuwanta tilas ne. Sarah kuwa aka ce cutar sankarar jini ta kashe ta, a bakin wani muka ji, ko gawarta ba mu gani ba. Ku duba abin da wannan 'yar magana ta yi wa fim ɗin baya. Mutuwar Dyson ta zama aikin baban giwa. Kukan yaron a bakin ramin wuta ya tashi a banza. Zan yi wa na ukun adalci, ƙarshensa yana da ƙarfi: John da Kate sun shiga wani ɗakin ƙarƙashin dutse suna zaton can ne zuciyar Skynet, ashe mafaka ce aka yaudare su suka shiga domin su tsira, makaman ƙare-dangi suna sauka a waje. Amma an sayi wannan ƙarshen da kuɗin da aka zaro daga aljihun fim na biyu.

Kuma mai kallo ba wawa ba ne. Idan ka nuna masa sau ɗaya cewa nasarar da ya yi wa murna za a iya soke ta da jimla guda, ya koyi darasi. Gobe in ka ce masa duniya tana cikin haɗari, zai gyara zama ya ci gyaɗarsa, don ya san ko an cece ta za a sake jefa ta. Tsoro da tausayi kamar takardar kuɗi suke a hannun mai ba da labari, yawan buga su yana karya darajarsu.

Me ya sa ake ci gaba, tunda labari ya ƙare? Bi sawun haƙƙin mallakar za ka gani. Kamfanin Carolco da ya yi na biyu ya karye a 1995. Mario Kassar da Andrew Vajna suka sayi haƙƙin suka yi na uku. Suka sayar wa kamfanin Halcyon, ya yi na huɗu a 2009, shi ma ya karye a shekarar. A 2010 aka yi gwanjon sunan Terminator, wani kamfanin juya kuɗi mai suna Pacificor, wanda sana'arsa ba fim ba ce, ya saye shi dala miliyan 29.5. Daga nan ya koma hannun Megan Ellison, sannan kamfanin ɗan'uwanta, Skydance. Duk wanda ya sayi suna da irin wannan kuɗin kafin a rubuta shafi ɗaya, ba zai tambayi ko akwai sauran labari ba. Saniyar tatsa ya saya, kuma ya riga ya biya. A 1984 labari ne ya nemi kuɗi, daga baya kuɗi ne ke neman labari, kuma ana ganin bambancin a allo. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 200, kamar na huɗu, ba shi da halin ɓata wa kowa rai. Shi ya sa aka rage jini da tsoro a na huɗu da na biyar, domin a samu izinin da zai bar matasa su shiga silima ba sai da babba ba. Labarin da asalinsa firgita ne sai ya koma kallon wasan wuta.

Da tambaya ta ƙare, abin da ya rage wa marubutan shi ne su ƙara wa bos ƙarfi. Na farko ƙashin ƙarfe ne da fatar mutum. Na biyu, T-1000, narkakken ƙarfe ne mai rikiɗa, kuma wannan ƙarin yana da ma'ana, don sanye yake da kayan ɗan sanda, siriri, mai ladabi, yana iya zama kowa har uwar riƙonka. Na uku sai aka haɗa biyun, ƙashi a ciki ruwa a waje, aka ƙara bindiga a hannu. Na biyar ƙananan na'urori ne kamar ƙura. Na shida yana rabuwa gida biyu, ƙashin daban ruwan daban. Kowanne ya fi na baya ƙarfi a takarda, amma babu wanda ya kai tsoron mutumin nan da ke zaune gaban madubi a ɗakin haya yana ƙwaƙule lalataccen idonsa da wuƙa. Haka kuma maganar nan tasa ta cewa zai dawo, wadda a 1984 ya faɗa wa ɗan sanda kafin ya shigo ofishin da mota, ta zama haraji, kowane fim sai an biya shi, sai an nemo wanda zai faɗe ta don a yi tafi. A na uku har tabarau mai siffar tauraro aka sa masa domin a yi dariya. Abin da ake tsoro ya koma abin tsokana.

Na huɗu, Salvation, ya kai mu yaƙin da aka daɗe ana ba mu labari, sai ya zama yaƙi kamar kowane yaƙi. Na biyar, Genisys, a 2015, ya koma 1984 ya sake zana komai, ya mayar da John Connor kansa na'ura kuma bos, sannan aka tona wannan sirrin a tallan fim ɗin tun kafin ya fito. Akwai wani abu da ya haɗa su da na shida: kowannensu an tsara shi ne a matsayin farkon jerin finafinai uku, kuma babu wanda ya samu na biyunsa. Wanda ke rubutu yana ajiye nama don gobe, romo kawai yake ba baƙon yau. Cameron na 1984 bai san ko za a sake ba shi kyamara ba, don haka duk abin da ke tukunyar ya juye.

Ba Terminator kaɗai ba ne. A Aliens na 1986 Ripley ta koma cikin gidan dodanni don ta ceto yarinya Newt, sai Alien 3 na 1992 ya kashe yarinyar da soja Hicks tun ana rubuta sunayen 'yan wasa. A Star Wars, Darth Vader ya ba da ransa ya hallaka Palpatine a 1983, sai a 2019 aka ce ai Palpatine yana nan.

'Yan uwa, ban kawo wannan don mu yi wa Amurkawa dariya ba, don ƙwaryar tana gidanmu. Ka rubuta littafi a WhatsApp ko Wattpad, ya karɓu. Jarumarka ta sha wuya shafi tamanin, gaskiya ta yi halinta, makirar ta tozarta, an ɗaura aure. Sai saƙonni su fara shigowa: "Anti don Allah a ƙara mana", "Malam kar a tsaya nan". Ga shi kuma littafi na biyu shi ne na kuɗi, ga kuɗin data, ga hidimar gida. Ba na ganin laifin wanda ya amsa kiran, Cameron ma ba sadaka ya yi na biyun ba. Amma ku lura da abin da hannu yake fara kaiwa gare shi. Mijin ya yi haɗarin mota ya manta kowa. Makirar da aka ce ta haukace ashe ƙarya take yi. Wanda aka yi wa sallah aka binne ashe ba shi ne a makarar ba. Duk waɗannan sunansu ɗaya, an jinkirta ranar ne kawai. Mai karatun da ta yi kuka a shafi na saba'in ta gane an karɓi hawayenta ba a ba ta komai ba, kuma a littafi na uku ba za ta sake yi ba.

Abin da nake dubawa idan aka turo mini kashi na biyu in karanta shi ne, shin abin da ya faru a na farko yana nan daram, kuma shi ne ya haifi sabuwar matsalar? Yarinyar da ta shekara biyar ana zaluntarta, ranar da ta samu iko, wace irin uwar gida za ta zama? Wannan tambaya ce irin ta Sarah a gidan Dyson, kuma ba ta bukatar a tono kowa daga kabari. Abubakar Imam ya yi Magana Jari Ce littafi uku da aku ɗaya, amma kowane littafi da dalilinsa na ba da labari: a na farko aku yana riƙe Musa da hira don kada ya fita ya faɗa tarko, a na biyu gasa ce da wani aku, a na uku yana koyar da ɗansa. Bai sake jefa Musa cikin tarkon farko don ya samu na biyu ba. George Miller ma ya dawo da Mad Max a 2015, shekara 30 bayan na uku, ya miƙa ragamar labarin ga wata mace, Furiosa, da matan da take tserarwa, Max ya zama kusan ɗan rakiya, fim ɗin ya ci kyautar Oscar shida. Tsufan suna ba shi ne matsalar ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne na shida, Dark Fate, don shi ne ya zo kusa. Cameron ya dawo a matsayin furodusa, Linda Hamilton ta dawo, aka ce a manta da na uku da na huɗu da na biyar, daga na biyu za a ɗora. Sai a mintunan farko wani Terminator ya tarar da John yana yaro a bakin teku a Gwatamala ya harbe shi a gaban uwarsa. Skynet dai an hana ta, amma wata basirar mai suna Legion ta taso ta yi daidai abin da Skynet za ta yi, ta turo makashi ya kashe wata yarinya 'yar Meziko, Dani, wadda ita ce sabuwar John. An sauya sunaye, an bar labarin 1984.

Amma a tsakiyar fim ɗin akwai wani abu sabo fil. Na'urar da ta kashe John ta gama aikinta, kuma wanda ya aiko ta bai ma wanzu ba, babu mai ba ta umarni har abada. Ta zauna a Texas, ta ɗauki suna Carl, ta rungumi wata mata da ɗanta da suka gudo daga mugun miji, ta kama sana'ar ɗinkin labule da sayarwa. Da ta rayu da yaron shekara da shekaru, sai ta fara fahimtar abin da ta raba Sarah da shi, ta riƙa tura mata saƙo a ɓoye duk lokacin da wani Terminator zai sauko, don ta ba ta dalilin rayuwa. Ranar da Sarah ta tsaya a ƙofar gidan ta ga fuskar da ta kashe mata ɗa, da furfura, tana yi wa baƙi tayin abin sha, na gyara zama. Makashin da ya yi nadama, da uwar da ba ta da niyyar yafewa, kuma dole su yi tafiya a mota ɗaya. Wannan kaɗai ya isa fim. Mintuna kaɗan aka ba shi, aka yi 'yar raha a kan labule, sannan aka kwashe kowa aka zuba a jirgin sama ana faɗa, daga can aka faɗo madatsar ruwa aka ci gaba. Carl ya mutu tare da bos, Sarah da Dani suka shiga mota suka tafi shirin fim na gaba. Masu lissafin kasuwar fim sun ƙiyasta asarar ta haura dala miliyan 100, aka soke sauran biyun da aka tsara.